Takalman Inna Dubu

Ku dai kun san Inna Dubu ba da fuska ake gane ta ba, da takalmi ake gane ta, kuma ba a ƙafa ba, a ka. In kika hango wata 'yar tsohuwa ta ɓullo daga gindin dutse tana sauri, ƙafa ba komai cikin rairayi mai zafi, ga jan takalmin fade an ɗora bisa kallabi an daidaita shi kamar ƙwaryar nono, to ba sai kin tambaya ba. Marigayi mijinta ne ya sayo mata su a Argungu tun zamanin Turawa, ita kuwa ta ɗau alkawari ƙasa ba za ta ci su ba. In ta iso ƙofar majami'a sai ta sauke, ta hure su, ta zura ƙafa, ta ɗan taka don jama'a su shaida tana da takalmi, sannan ta tuɓe. Fasto ya taɓa ce mata, cikin tausayi, ai don ƙafa aka yi takalmi, ga ƙarangiya ga zafin ƙasa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙafa in ta tsage, man shanu ya ishe ta. Takalmi in ya tsage, sai baduku. Kai ka taɓa ganin badukun da ya yi aiki don Allah?"

Fasto bai sake ta da zancen ba.

Ku yaran da kuka zo daga baya, kun tarar da zumuntar mata ana dariya ana tafawa, kuna tsammanin haka aka haife ta. Ina! Shekarun da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, Dogon Dutsi ta cika da baƙi. Gwamnati ta turo ma'aikata daga ko'ina, wannan mushen lakwal, wato malamin makaranta, wannan na gidan waya, wannan na ofishin kumandan, kowa da matarsa da harshensa. Mu Kirista dama ba mu da yawa a garin, amma in Alhamis ta yi muka taru a rumfar majami'a sai mu kasu. Matan ma'aikata bisa benci, 'yan gari a tabarmarsu, 'yan ƙauye a bakin ƙofa. A yi waƙa, a yi addu'a, a ce amin, kowa ta ɗauki takalminta. Sai ki yi wata da watanni ba ki san sunan wadda ke gabanki ba.

Ni kuwa ina can ƙarshe kusa da randa, tabarmata ni kaɗai. Amarya ce ni a lokacin, daga wani ƙauye bayan Tibiri, maigidana kafinta ne a mishan. Uwata kowa a ƙasarmu ya san ta, 'yar bori ce, Doguwa ke hawanta, daga nesa ake zuwa wurinta. Na karɓi baftisma, an sa mini suna Saratu, amma a bayan idona "ɗiyar mai Doguwa" ake ce mini. Ba wadda ta taɓa zagina, da zagin ne ma da sauƙi. In aka dama fura ludayi ya zagayo na sha, sai wadda ke biye da ni ta tuna ashe ta ƙoshi. In na miƙa wa jariri hannu, sai uwarsa ta ga lokacin goyo ya yi. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba ni ɓoye muku. Ranar da zan bar gida, uwata ta ɗinka farin wuri guda, irin kuɗin kakanni, a hancin takalmina na dama, ta ce don kada ƙafata ta manta hanyar gida. Duk Alhamis in na fito daga zumunta sai in tsaya ina kallonsa, ina ce wa kaina mi nake jira a garin nan.

Baturiyar mishan, wadda muke kira Mai Allura don ita ke duba marasa lafiya, ita ta fara lura zumuntar tamu ba zumunci a ciki. Wata Alhamis ta zo mana da wasan ƙasarsu. Ta tsai da mu muka zagaye ta, ta ce kowace ta faɗi sunanta, da sunan mijinta, da sunan ɗanta na fari. Jama'a, sunan miji, a cikin taro, da bakinki! Ta farko ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da babban yatsa. Ta biyu ta ja bakin zane ta rufe baki. Ta uku ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali gidanta na can Sukukutane, gari mai nisa. Baiwar Allah Mai Allura ta yi ja har kunnuwa, tana tsammanin Hausarta ce ba ta fita ba, ta sake maimaitawa a hankali, da ƙarfi. Sai Inna Dubu ta taso ta kama hannunta.

"Ɗiyata, ba haka ake yi ba. Tambayi kowace sunan mijin maƙwabciyarta. Aradu za ki ji sunan, ki ji har abin da ba ki tambaya ba."

Haka kuwa aka yi. Kafin la'asar Mai Allura ta san wanda ke munshari, ta san wanda bunsuru ya kora ya hau rumbu, har fasto ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni dai ba wadda ta faɗi sunan maigidana, don ba ni da maƙwabciya, kuma har yau ba za ku ji shi a bakina ba. Daga ranar Inna Dubu ta karɓe buɗe taro. Ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda ya isa ya tsige ta. "Aradu" ɗin nan kuwa, fasto ya yi wa'azi a kansa har ya gaji. In ta faɗa sai ta ƙara da "Ubangiji ya yafe", ta ci gaba da zancenta.

Wasanta na farko na goro ne. Goro guda, ga mata cike da rumfa. Ta zaro 'yar wuƙarta ta yi ta yanka siriri-siriri, har in kin ɗaga naki kina hango dutsen ta cikinsa. Ba ki samu sai kin faɗi abin da kike gode wa Allah a kansa, kuma ba a maimaita na wata. Na farko suka kwashe lafiya da 'ya'ya da damina, na ƙarshe suka shiga uku. Wata ta gode don surukarta ta tafi ganin dangi ba ta ce ranar dawowa ba. Wata ta gode don jakin maƙwabta ya yi mura. Madam Rahila, matar mushen lakwal, wadda a lokacin ba ta san zaman tabarma ba, ga ta nan zamne, ta ƙaryata ni in ƙarya nake, ta ɗaga nata yankin ta ce wannan ai ko haƙori ba zai san an ba shi wani abu ba. Inna ta miƙa hannu ta karɓe, ta jefa bakinta, ta ce ita ta gode wa Allah da ya ba Madam ƙoshi. Da aka zo kaina na ce na gode da ruwan randa, don shi kaɗai na sani a wurin. Wasu suka yi dariya. Inna ba ta yi ba, ta dai dube ni ta daɗe.

Sai kuma ta ƙirƙiro wasan takalmi, wanda har yau muke yi. Ta bari sai waƙa ta yi daɗi, ta sulale da kwando, ta bi takalman bakin ƙofa tana ɗauke wari-wari, ta rufe da zane. Wadda ba ta da takalmi, ga su da yawa a lokacin, sai ta jefa munduwa ko ɗan kunne. Kowace ta sa hannu ba ta duba ba, abin da ta ciro sai ta nemi mai shi, ta tambaye ta sunanta, da garinsu, da abin da take kewa a gida. Daga nan su zamna tabarma ɗaya, su sha fura da ludayi ɗaya. Takalmin Inna kuwa ba ya shiga kwando. Wai alƙali ba ya shiga kokawa.

Ranar farko ma sai da ta haɗa da na Hari, Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda ta tuɓe a gindin icen bedi tana hutawa. Hari ta shigo tana faɗa, ta ce dama an gaya mata Arawa, wato mu 'yan ƙasar nan, ko a ɗakin Allah ba su barin hali. Kun san tsakaninmu da Fulani, wasa ne tun kakanni. Inna ta ce baiwa ba ta da takalmi sai na uwargijiyarta, in tana son abinta ta zamna ta faɗi abin da take kewa. Hari ta ce tana kewar daji, inda shanu suka fi Arawa hankali. Tun daga ranar duk Alhamis tana bakin ƙofarmu. In mun shiga addu'a ta koma gindin bedi ta yi sallarta, in mun gama ta dawo a ci gaba da tsiya.

Ni na san abin da zai faru in takalmina ya shiga kwandon nan. Don haka nake ɓoye shi a bayan katanga, in an fara wasa kuma in ce zan ƙaro ruwa a randa, in yi ta jan guga a rijiya sai an gama. Haka na yi ta yi har na gaji. Wata Laraba na ce wa maigidana ni kam na kai ƙarshe, jibi Juma'a ranar kasuwa zan bi motar Tibiri in koma wurin uwata. Ya yi lallashi, ya fita. Na ɗaure kayana. Alhamis na zo zumunta don in yi sallama a zuciyata kawai, na ɓoye takalmi inda na saba. Da na tashi zuwa rijiya sai na tarar randa cike har baki, tsohuwar nan ta riga ta cika ta. Na koma na zamna.

Aka fara sa hannu a kwando. Madam Rahila ta sa nata, ta ciro, sai ga farin wuri yana kallonta, ashe Inna ta bi bayan katanga ta ɗauko nawa. Ta yi 'yar ƙara ta yar da takalmin, ta hau share hannu a zane. Ga shi nan yashe a tsakiya, ba wadda ba ta san na wace ce ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yunƙura in ɗauki abina in tafi, ba sai gobe ba.

"Zamna," in ji Inna Dubu.

Ta sauke nata daga ka ta ajiye. Ta ɗauki nawa ta zura ƙafar dama, ita da ba ta yarda takalmi ya san ƙasa. Ta bi tabarmi tana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, har ta dawo tsakiya. Ta buɗe hannuwa ta dubi rufin rumfa.

"To, Doguwa, ga ni. In kina ciki ki hau, ina da daka a gida."

Muka jira. Wata kaza ta shigo ta zagaya ta fita. Inna ta girgiza ƙafa ko abin ya maƙale, ta juya ta tambayi Hari a bakin ƙofa ko ta ga wani canji. Hari ta ƙare mata kallo ta ce haukan dai shi ne na jiya, bai ƙaru ba bai ragu ba. Sai dariya ta ɓarke, har masu tsoro suna riƙe ciki. Inna ta bari aka lafa, sannan ta yi magana, ba wasa a muryarta.

"Muna waƙa mun bi Mai iko duka, ga mu muna gudun takalmin yarinya. Ni kakata da gogenta na bori aka binne ta. Wadda ta san a danginta kaf ba a taɓa yin bori ba, ta ɗaga hannu in gani."

Kowa ta dubi ƙasa. Can sai hannu ɗaya ya tashi a hankali, na Mai Allura. Inna ta ce ita ma don ba ta bincika ba ne.

Ta tuɓe takalmin ta miƙa wa Madam Rahila, ta ce ita ta ciro, ita za ta kai. Madam ta taho da shi a yatsu biyu, ta tsaya a kaina, ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi garinmu, na faɗa. Ta tambayi abin da nake kewa a gida. Ban shirya ba, sai na ji bakina ya ce hannun uwata a kaina in tana yi mini kitso, don tun da na zo garin nan ba wadda ta taɓa gashina, kullum yana ɓoye cikin kallabi. Na faɗa sai kuka ya zo mini. Ashe Madam ma daga can Damagaram aka kawo ta, uwarta ta rasu tana nan, labari bai iso ba sai bayan an daɗe da binnewa. Mu muna ganin girman kai ne ya sa ba ta magana. Ta durƙusa ta zamna a tabarmata, ranar ce ta fara sauka daga benci. Aka kawo fura, na sha, ta karɓi ludayin daga hannuna ta sha.

Da aka tashi na je karɓar takalmina wurin Inna, sai na ga ya riga ya hau kanta, an haɗa shi da nata na hagu. Nata na dama kuwa, wanda ko jikokinta ba su isa su taɓa ba, ta ajiye mini a gabana. Ashe maigidana da ya fita Laraba wurinta ya je, ya zayyana mata komai, har zancen uwata.

"An ce wanga ya san hanyar gida, to ya zamna wurina. Ga nawa, shi hanyar majami'a kaɗai ya sani. Alhamis mai zuwa ki zo ki karɓi naki."

Washegari da hantsi sai ga Madam Rahila a gidana da matsefi da man shanu. Motar Tibiri ta tashi kaina na tsakanin gwiwoyinta, ina jin ƙugin motar har ya ɓace, ban motsa ba. Kitson kuwa, Madam, ki yi haƙuri, gaskiya ɗaya ce. Da Hari ta gani sai ta tambaya ko kaji ne suka yi tono a kaina, ta zamna ta kwance ta sake. Amma ni har yau ban yi kitson da ya kai wannan daɗi ba.

Alhamis ta zo na je karɓar takalmi, Inna ta ce Alhamis mai zuwa. Wata Alhamis ta zo, ta ce Alhamis mai zuwa. Na haƙura na ci gaba da yawo da wari biyu da ba su san juna ba, ɗaya ja ɗaya baƙi, yara suna nuna ni a kasuwa. Ita kuma duk mako sai ta sa na tuɓe nata ta juya shi ta duba ƙasansa, ta dafe ƙirji, ta tambaye ni tafiya nake yi da shi ko noma. Ranar da ya mutu gaba ɗaya na kai mata gawar ina tsoro. Ta juya shi, ta yi tsaki, ta ce an ci amanar Argungu, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Amma nawa ba ta bayar ba.

Da cikina na fari ya tsufa, lokacin zuwa gida haihuwa ya yi, ita ta raka ni, ni bisa jaki ita a ƙasa, takalma a ka. Ta ce wa uwata aro ta kawo mata ni, za ta dawo ta ɗauki abinta har da riba. Uwata ta dubi farin wurin da ta ɗinka da hannunta yana zamne bisa kan wata tsohuwa, ta yi dariya, ta ce to yanzu kan ne ba zai manta hanyar gidanta ba. Haka kuwa aka yi. Duk kaka sai Inna ta je, su zamna a inuwar rumbu suna gardamar addini, wannan ba ta ja waccan ba, waccan ba ta ja wannan ba, su raba goro guda su yi sallama. Ranar da uwata ta rasu, Inna da Madam Rahila ne suka riƙe ni a hanya.

Makon jiya na je duba Inna, tana kwance, ta rame ta koma kamar yarinya, takalman suna wajen kanta. Don in sa ta dariya na ce, Inna, takalmina fa? Ta buɗe ido ɗaya.

"Alhamis mai zuwa."

Ranar Litinin muka binne ta. Yau Alhamis. Kun ga dai ɗazu jikarta ta zagaya da kwando, ta bar ni sai ƙarshe, ta ce haka kakarta ta ce a yi. Na sa hannu, wari ɗaya ne ya rage. Ga shi nan, ku duba. An shafe shi da man shanu, fatar ta yi laushi, farin wurin yana nan, ƙasansa kuwa bai ƙara cinyewa ba tun ranar da ta zagaya tabarmin nan da shi. Nata na cinye shi tun 'ya'yana ba su shiga lakwal ba, nawa ta adana mini shekara da shekaru a bisa kanta. Tsohuwar nan ba ta taɓa karya alkawari ba, jinkiri kawai gare ta. Ta maido mini da takalmin da ya san hanyar gida, ni kuwa na duba, ba ni da inda zan je da shi. Jikar Inna, karɓi ki mai da shi kwando, akwai amarya can kusa da randa ban san sunanta ba tukuna.

Mu sunkuyar da kai. Ya Ubangiji, mun gode da ka ba mu aron Inna Dubu. Ga baiwarka nan ta taho, ƙafa ba takalmi yadda ta saba, ka karɓe ta haka. Ka sa ta taka inda ba ƙarangiya, ba zafin rairayi. In ta ce "aradu" a gabanka, ka yafe mata, baki ne ya saba. Mu kuma da ta bari, kada ka bar wata a cikinmu ta zamna tabarma ita kaɗai. Amin.